Kuɗinmu a Cikin Waya: Jawabi ga Taron Shekara na Ƙungiya



Tun daga ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, ɗan kasuwa da manomi da ɗan fansho duk mun koma ajiya a cikin waya, har kuɗin wannan ƙungiya ta nan ake tara su. Don haka ya wajaba mu yi wa kanmu tambayoyi biyu.

Ta farko, wace irin waya muke buɗe asusu da ita? Akasarin manhajojin banki an gina su ne domin Android mai ɗauke da hidimomin Google, ko kuwa iPhone. Bayan takunkumin da Amurka ta sanya wa kamfanin Huawei a 2019, sababbin wayoyinsa sun riƙa fitowa ba tare da hidimomin Google ba. Akwai kuma samarinmu masu sauke tsarin da waya ta zo da shi su ɗora wani, irin su LineageOS. Manhajar banki takan bincika ko wayar tana nan yadda masana'anta ta fitar da ita, in ta ga canji sai ta ƙi buɗewa. A nan haɗari yake, domin mai gaggawa yakan karɓi manhaja daga hannun mai gyaran waya ko ta WhatsApp, alhali jabu ce mai satar lambar sirri. Wanda wayarsa ta ƙi, ya yi amfani da lambobin USSD na bankinsa, domin suna aiki ko a ƙaramar waya.

Ta biyu, a hannun wa kuɗin suke? Ba kowane mai tura kuɗi ne banki ba. A 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan tallafi. Kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya kuwa, tara kuɗin jama'a yake yi ya ajiye a wani banki, inshorar kuma rushewar wannan bankin take karewa. Abin da ya faru a Amurka ya ishe mu darasi. A 2024 kamfanin Synapse, wanda ke tsakanin manhajoji da bankuna, ya durƙushe, dubban mutane suka yi watanni ba su iya taɓa kuɗinsu ba, ga shi bankunan ba su rushe ba, lissafin wa ke da nawa ne ya rikice. Wanda ba shi da lasisi ko kaɗan kuwa, ba mu manta da MMM a 2016 da CBEX a 2025 ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shawararmu ita ce, asusun ƙungiya ya zauna a banki mai lasisin Babban Bankin Nijeriya, da sa hannun mutum biyu. Kowannenmu kuma ya bar kuɗin cefane kawai a manhaja, jarinsa ya kai banki, ya kuma duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi kafin ya ba da amana.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ɗaukaka garinmu.