Matsayin Gwamnati a Hulɗar Ƙasa da Ƙasa: Darasin Iyakar Illela



Tambayar da ke gabanmu yau ita ce: wane ne ke riƙe da ragamar hulɗa tsakanin ƙasa da ƙasa? Masana sun kasu uku a kan wannan batu. Mu kuwa a nan Sakkwato ba sai mun yi nisa wajen neman ma'auni ba, iyakar Illela da Birnin Ƙonni ta ishe mu.

Rukuni na farko, wanda Hans Morgenthau ya yi wa jagora da littafinsa na 1948, cewa yake gwamnati ita ce wuƙa ita ce nama. Babu wani sarki a bisa ƙasashe, saboda haka kowace ƙasa ƙarfinta da bukatarta take bi. Waɗannan suna da hujja. Da sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta ɗora takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarki. Cikin 'yan kwanaki motocin kaya suka yi cirko-cirko a Illela.

Rukuni na biyu, irin su Robert Keohane da Joseph Nye a 1977, sun ce ciniki da cuɗanyar jama'a suna ɗaure wa gwamnati hannu. Su ma suna da hujja. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da yaƙi. Da aka tashi neman sulhu kuwa, sai aka tura Janar Abdussalami Abubakar Yamai tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ba shi da runduna ko ma'aikata. Malaman addini ma sun je, an kuma saurare su. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, a Maris Nijeriya ta buɗe iyakarta.

Rukuni na uku, su Walter Rodney da Samir Amin, tambaya suke yi: gwamnatin wa? Ingila da Faransa ne suka shata wannan iyaka tsakanin 1898 da 1906, suka raba Gobir da Katsina gida biyu. Kuɗin sefa da yuraniyom na Arlit sun daɗe suna ɗaure Nijar da Faransa. Ficewar sojojin Faransa a Disambar 2023 ta ƙara wa wannan ra'ayi magoya baya.

To, ina gaskiya take? A ganina, gwamnati ce ke da makullin ƙofa, amma ba ita ta gina gidan ba. Ta iya rufe iyaka da umarni guda, ta kasa hana auratayya da cin kasuwa ta hanyoyin daji. Sai dai kada mu ruɗi kanmu: zumuncin ya taimaka wajen hana yaƙi, bai hana Nijar da Mali da Burkina Faso ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025 ba.

'Yan'uwa, cikinku akwai jakadun gobe. Duk wanda zai sa hannu a takardar rufe iyaka, ya fara tambayar wanda zai kwana da yunwa a Illela da Ƙonni. Wannan lissafi yana cikin bukatar ƙasa.