Tsohuwar Motarmu da Amanar da Ke Kanmu

Shugaban ƙungiya, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, direbobi da yaran mota, baƙinmu da suka tsallako daga Katsina da Jibiya, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana.

Ofishin magatakarda aka ba minti kaɗan, kuma mun zaɓi mu yi magana a kan motar ƙungiya, wato Marsandi 911 ɗin nan mai bodin katako da ke tsaye a bakin ƙofa. Da yawa daga cikinmu ta girme mu. Kamfanin Marsandi ya fara fitar da irin wannan mota mai gajeren hanci a Jamus a 1959, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Inugu, shi ya sa ta cika hanyoyin Najeriya da Nijar. Injinta na gas ne mai silinda 6, babu kwamfuta a cikinsa. Duk makaniken da ke Maraɗi ko Katsina zai iya kwance shi ya mayar. Wannan ne ya sa har yau take kai mana wake da aya ta Ɗan Isa, ta dawo da kayan masarufi, alhali sababbin motoci na kwance a gareji suna jiran kayan gyara daga waje.

Amma akwai abin da muke so kowa ya riƙe. Lambar nan 911 tana da ma'ana. Lamba 9 na nufin kimanin tan 9, 11 kuma ƙarfin doki 110 ne. Tan 9 ɗin nan har da nauyin motar kanta. To, mu tambayi kanmu buhu nawa muke ɗora mata ranar kasuwa. Kowa yakan zo ya ce, "Direba, taimaka ka ƙara mini biyar kawai." Mutum goma suka faɗi haka, an ƙara hamsin ke nan.

Ba mu manta abin da ya same mu a daminar bara ba. Sifirin baya ya karye kafin a kai Jibiya, motar ta karkata, ruwa ya sauko a kan kaya tsawon dare. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma waken mambobi huɗu ya jiƙe, ɗaya daga cikinsu da bashi ta saro shi. Da muka duba littafin lodi a ofis, mun ga mu ne muka sa hannu a kan kayan da suka wuce ƙima. Laifin ba na direba kaɗai ba ne, har da mu.

Tsohuwar mota ba ta son komai sai kulawa ta yau da kullum. Kafin a tayar da ita da safe, a duba baƙin mai, ruwan lagireto, man birki da fambel. Lokacin hunturu ƙura na toshe matacin iska, sai a riƙa wanke shi a kai a kai. Gas ɗin jarka da ake saye a bakin hanya sau da yawa yana zuwa da ruwa ko datti, kuma shi ke kashe famfo da nozul. A tace shi kafin a zuba, a canza filta a kan lokaci. A sa giris duk mako. A zafin watan Afrilu da Mayu, sudaddiyar taya mai ɗauke da lodi ba ta da alkawari. Direbobinmu kuma, don Allah a bar sakin mota firi a gangara don tsimin gas. A sa ƙaramar giya, injin ya taya birki riƙo.

Mun ga abin da rufe iyaka ya yi mana daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023. Motar ta yi watanni a tsaye, batir ya mutu, tayoyi suka tsattsage. Da hanya ta buɗe, babu ko dala a asusu da za a tayar da ita, sai da muka bi mambobi gida gida.

Don haka ofis na kawo shawara uku a gaban taro. Na farko, a tsayar da adadin buhunan da motar za ta ɗauka, a rubuta a jikinta, kuma ko shugaba ne ya zo ba za a ƙara ba. Na biyu, daga kuɗin kowace tafiya a ware wani kaso a asusun gyara, a riƙa karanta lissafinsa duk wata. Na uku, a ba ta kwana ɗaya a mako a hannun makanike ko da ba ta yi ƙorafi ba. Mun san wasu za su jira sahu na biyu, kuɗin buhu ma yana iya ɗan tashi. Amma rigakafi ya fi magani, kuma sayen sabuwar mota ya fi ƙarfin asusunmu a yau.

Iyayenmu da suka haɗa kuɗi suka sayo ta sun bar mana ita da lafiyarta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare direbobinmu a hanya, ya sa albarka a kasuwancinmu.