Dillali Na Mai Gida Ne: Jawabi Kan Sayen Gidan Farko a Ingila

 

An ce in yi magana kan sayen gida, tunda da yawanmu mun gaji da haya. Zan tsaya kan inda kuɗin mutane ya fi salwanta, wato maganar gyara.

A gida mun saba da dillali mai shiga tsakani, ya sasanta ɓangarorin biyu. A Ingila mai gida ne ke ɗaukar dillali, shi ke biyansa, kuma galibi la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Doka ta hana shi yi maka ƙarya, ta kuma wajabta masa kai tayinka ga mai gida. Duk da haka ba wakilinka ba ne. Kada ka gaya masa iyakar abin da ke aljihunka. In ya ce danshin bango ba wani abu ba ne, ka saurara da ladabi, amma ka nemi shaida.

Naka mutum biyu ne: lauyan da ka ɗauka, da mai binciken gini da ka biya. Dubawar da banki ke yi kafin ya ba da kuɗi, darajar gidan kawai take aunawa. Ka nemi mai bincike mai rajista da RICS. Bincike mataki na 2 ya isa gida mai lafiya. Tsofaffin gidajen bulo na jere irin na Manchester da Birmingham, waɗanda da yawansu sun haura shekara 100, mataki na 3 ya fi dacewa da su. Kada mu yi cinikin biri a sama.

In rahoto ya fito, ka bar maganar fenti da kafet. Ka kama manya: rufi, danshi, wayoyin lantarki, tsagewar bango, tukunyar ɗumama gida. Ka kira magina biyu ko uku su rubuta maka kuɗin aikin, ka tura wa dillali a rubuce tare da sabon tayi. Neman ragi ya fi a ce mai gida ya gyara, domin mai tashi kwaskwarima zai yi ya wuce. In farashi ya sauya, ka sanar da lauyanka da banki.

Duk wannan kafin musayar takardun yarjejeniya ne. Kafin ranar kana iya janyewa, asararka kuɗin bincike da na lauya. Bayanta, in ka fasa, kafin alƙalaminka ya tafi, yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan, kuma gyara ya koma wuyanka. 'Yan uwanmu na Sukotland, tsarinku daban ne, ku tambayi lauya tun kafin tayi.

In mai gida ya ƙi ragi, ka lissafa ko aljihunka zai ɗauki gyaran. In ba zai ɗauka ba, ka haƙura, wani gidan na gaba.

Allah Ya ba mu muhalli mai albarka.