Matsayin Ma'aikacin Jinya a Asibitocin Ƙasar Gumel

 

Duk wanda ya zauna a wannan yanki tsakanin ƙarshen 2022 da bazarar 2023 bai manta da annobar sanƙarau ba, domin bisa ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2023, cikin mutum 1,686 da aka yi zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, kusan kashi uku cikin huɗu 'yan Jigawa ne, kuma Maigatari da Sule Tankarkar su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, har Maigatari kaɗai ta haura mutum 500. Ba abin mamaki ba ne, tunda cutar ta riga ta yi ƙarfi a jihar Damagaram ta Nijar, kuma garin Maigatari da kasuwarsa ta Alhamis ke tara fatake da dabbobi daga ƙetaren iyaka ba shi da ƙofar da zai rufe wa ciwo. Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne wanda ya karɓi waɗannan marasa lafiya, musamman da tsakar dare.

Ku ɗauka an kawo yaro a kan amalanke ko a bayan mashin, jikinsa rau da zazzaɓi, wuyansa ya sanƙare har ba ya iya sunkuyar da haɓarsa zuwa ƙirji, uwarsa na cewa a taimake su don Allah. A galibin ƙananan asibitocinmu wanda ke bakin aiki a wannan sa'a nas ne, ko malamar asibiti, kuma shi zai duba, ya gane, ya nemi jijiya ko da a hasken tocila, ya ɗaura ƙarin ruwa, ya yi allurar farko, sannan ya yanke shawara ko yaron zai jure tafiya zuwa Gumel ko kuwa tafiyar ce za ta ƙarasa shi. Haka nan idan mai ciki ta zo tana jijjiga, ungozomar asibiti ce za ta yi mata allurar da ke tsayar da ita, ta zauna tana ƙirga numfashinta, tana auna fitsarinta, tana ƙwanƙwasa gwiwarta don ta tabbata maganin bai yi mata yawa ba. Wannan duka hukunci ne irin na likita, wanda larura ta ɗora wa wanda ba likita ba. Bahaushe ya ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Amurkawa sun fuskanci irin wannan ƙarancin likitoci a karkararsu, sai a 1965 wata malamar jinya, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe wani sabon karatu a Jami'ar Colorado, inda ƙwararren nas zai ƙaro ilmi har a ba shi izinin duba mara lafiya, da sa a yi gwaji, da rubuta magani, cikin iyakokin da doka ta shata masa. A wurinmu aikin yana nan ana yinsa kullum, amma ijazarsa da ladansa ba su zo ba. Gaskiya ne a 2014 gwamnatin tarayya ta amince da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, wadda ta sassauta wa nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan lafiyar al'umma wasu abubuwa da a da sai likita, sai dai a ganina manufa a takarda ba ta kai matsayin mukami mai suna da matakin albashi ba.

Fukaha'unmu sun daɗe da tattauna wannan mas'ala a babin lamuni, inda suka bambanta tsakanin wanda aka san shi da sanin magani, ya yi iyakar ijtihadinsa kuma aka samu akasi, da wanda ya kutsa cikin sana'ar da jahilci ya halaka rai, wanda shi lamuni ya hau kansa. To, idan al'umma ta bar mutum shi kaɗai a gaban mara lafiya, ta tilasta masa yin hukuncin da ba ta karantar da shi ba, ranar da aka samu kuskure kuma ta juya ta tuhume shi, lallai ita ma tana da kaso a cikin alhakin, domin jinya farilla ce ta kifaya, wadda idan aka rasa masu tsayuwa da ita yadda ya kamata zunubin kan game kowa. Ga iyayen da har yanzu ke ɗari-ɗari da sa 'ya'yansu mata a karatun jinya kuwa, ya isa a tuna musu da Rufaida al-Aslamiyya, wadda aka kafa wa hema a masallacin Madina, kuma a hannunta aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Sharuɗɗan shiga ba ɓoyayyu ba ne. Ana neman kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, sannan a yi karatu a kwaleji irin ta Birnin Kudu ko Haɗejiya ko makarantar ungozoma ta Baɓura, ko kuwa shekara biyar a jami'a, a ci jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1979, a riƙa sabunta lasisi. Daga nan akwai ƙarin karatu a fannin sa barcin tiyata, da ido, da yara, da taimakon gaggawa.

Amma fa horarwa daban, riƙewa daban. Shekara da shekaru alawus ɗin kasada na ma'aikatan lafiya na tarayya naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi, alhali mai karɓarsa shi ke shaƙar numfashin mai sanƙarau da mai tarin fuka. A farkon 2024 magatakardan Majalisar da kansa ya bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, Majalisar kuma ta gindaya sharaɗin sai an yi aikin shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita, matakin da ni nake gani bai taɓa asalin ciwon ba. Mu ma a nan ba Ingila ko Saudiyya ce kaɗai ke janye mana mutane ba. Dutse da Kano sun ishe mu, domin yarinyar da aka tura ƙauyen da babu gidan ma'aikata, babu ruwa, babu wanda zai canje ta bayan ta kwana a tsaye, kafin shekara ta zagayo za ta nemi canjin wurin aiki, kuma ban ga laifinta ba.

Saboda haka roƙona ga hukuma shi ne a zaɓi nas-nas da ungozomomin da suka daɗe a asibitocin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a ba su ƙarin horo a gaban likitoci, a babban asibiti irin na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko a Jahun inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da yoyon fitsari tun 2008, a rubuta musu a fili abin da ya halatta su yi da inda ya wajaba su tura mara lafiya gaba, a kuma ɗaga matakin albashinsu daidai da nauyin. Ku kuma hakimai da attajiran kasuwa, gina ɗaki biyu da rijiya a kusa da asibitin ƙauye bai fi ƙarfinku ba, kuma 'yar garin da kuka ɗauki nauyin karatunta ta fi baƙuwa saurin zama, tunda iyayenta da mijinta a nan suke.