Abincin Dare Cikin Hanzari Ga Mai Ciwon Sukari

Ina gaishe ku musamman ku mutanen Garun Malam, Kadawa, Chiromawa, Kura da Bunkure.

Yau maganarmu amsa ce ga wata baiwar Allah da ta aiko mana da tambaya. Ta ce an auna maigidanta a asibiti an ce yana da ciwon sukari, likita ya ce ya rage tuwo da shinkafa, musamman da dare. Ita kuma wuni take tana turara shinkafar sayarwa, kafin ta farga magariba ta kawo jiki. Ta ce: "Yaya, me zan ba shi? Yanzu in na kai masa tuwo ina jin tsoro, in na hana shi ya kwana da yunwa."

'Yar uwa, kwantar da hankalinki. Ai ke kina zaune ne a tsakiyar maganin. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke gangarowa ta kwatami zuwa gonakin yankinku, rani da damina. Tumatir ɗin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa kudu, daga gonakin mazanku yake fita. Ga albasa, ga tattasai, ga kabeji. Sai dai kuma wannan ruwa shi ya sa shinkafa ta zama abincinmu safe, rana da dare, a nan gizo ke saƙar.

Abin da ake nufi shi ne, farar shinkafa, tuwon shinkafa, taliya da burodi, ko da ba ki ji zaƙi a bakinki ba, suna shiga ciki sai su narke su koma sukari a jini. Mai lafiya jikinsa na iya sarrafa shi, mai ciwon kuwa sai ya taru ya yi masa yawa. In aka daɗe a haka, sai ya taɓa ido, ƙoda da ƙafafu. Nama da ganye ba sa ɗaga sukari kamar haka, ga shi suna riƙe ciki.

To ga girkin da ba zai ɗauke ki rabin awa ba. Tun da safe ki gaya wa maigida, ko yaron da kike aika, ya ce wa mahauci tsoka zalla ake so, ba kitse, ba jijiya. In da hali, a samo wannan doguwar tsoka mai laushi da ke kwance a jikin ƙashin baya ta ciki, ta sa ko ta rago. Dabba ba ta aiki da ita sosai, shi ya sa ba ta da tauri, ba sai kin ɓata itace wajen tafasa ta ba.

Kayan haɗi: tsoka kamar tafin hannun maigida, rabin kabeji, albasa 2, tumatir 3, tattasai 2, attaruhu 1, citta, tafarnuwa, masoro, lemun tsami, daddawa kaɗan, da man gyaɗa cokali 2.

Da farko, uwargida, ki yanka tsokar siri-siri. Ki lura da yadda zaren naman ya tafi, ki yanka a gicciye, kada ki bi tsawonsa. Wannan shi ne sirrin laushi. Ki daka citta, tafarnuwa da masoro, ki cuɗa naman da su, ki matsa lemun tsami, ki rufe. Kafin ki yi sallar magariba ki dawo, ya jiƙu.

Sai ki wanke kayan lambun sosai, ruwa biyu ko uku, don kin san ana yi musu feshi a gona. Ki canza wuƙa da faranti, ko ki wanke su da sabulu, kada jinin nama ya taɓa ganye. Ki yayyanka.

Ki ɗora kasko, ki bari ya yi zafi ƙwarai kafin ki zuba mai. Ki baje naman, kada ki tula shi, don in kin tula zai fitar da ruwa ya koma dahuwa, ya yi tauri. Minti 5 zuwa 6 kina juyawa ya isa, amma ki tabbata babu sauran ja a ciki. Ki kwashe. A cikin wannan kaskon ki zuba albasa, tattasai, attaruhu, tumatir da daddawa. Sun ɗan risina, sai kabeji ya biyo baya. Kada ki bari ya luguiguice, minti 4 kawai. Ki mayar da naman, ki juya, ki sauke. Gishiri da dunƙule a yi hannu-hannu, don sau da yawa sukari da hawan jini tare suke tafiya.

Wajen zubawa, ki raba faranti a idonki: rabi ganye, kashi ɗaya cikin huɗu nama, sauran kashin kuma ɗan tuwon dawa ko shinkafa, kamar dunƙulen hannunsa. Ba a ce a hana shi hatsi gaba ɗaya ba. Ku saurara da kyau a nan: mai shan magani ko allurar insulin, in ya yanke hatsi kwatsam, sukarinsa na iya faɗuwa. Alamarsa rawar jiki, gumi, jiri da ruɗewa. In kin ga haka, yana cikin hayyacinsa, ki ba shi ruwan sukari nan take, sannan a nemi asibiti. Kuma kada a bar magani don an gyara abinci. Wanda aka ce ƙodarsa ta taɓu, a tambayi likita yawan naman da zai ci.

Na san wata za ta ce, nama kullum a wannan tsadar? Gaskiyarki. Ranar da babu, ƙwai biyu, ko kifi, ko awara, duk za su shiga wannan girki. Da damina kuma, in tumatir ya yi wuya, ga kauɗa, ga zogale, ga rama, ga alayyahu.

Shawarata ta ƙarshe, kada ki ware masa kwano kamar wanda aka yi wa horo. Ki yi da yawa, ke da kishiyarki da yara kowa ya ɗiba a kan tuwonsa. Namiji in ya ga shi kaɗai aka ware, waje zai je ya ci abin da aka hana shi. Ke ma kuma, ki nemi izini ki je a auna ki, musamman in kina yawan ƙishirwa da fitsarin dare. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a tukwanenmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.