Soyayyar 'Yan Makaranta A Littattafan Zane Na 'Yan Matan Japan

  

Yau tafiya ce mai nisa za mu yi, amma daga zaune, ba sai an nemi izinin maigida ba. Japan za mu je, ƙasar da ke ƙera motocin Toyota da baburan Honda. Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya na je gidan wata ƙawata, na tarar da 'yarta mai shekara 15 ta duƙufa a kan wayar yayanta, tana kallon zanen wasu 'yan mata masu dara-daran idanu. Uwar ta ce da ni, "Ni fa yarinyar nan ta ishe ni da 'yan tsanar nan, ban san abin da take gani a ciki ba." Na ce to ai ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, bari mu bi abin sannu mu ga ƙarshensa.

Waɗannan zane-zane labarai ne, Japanawa suna kiran su manga. Hoto ne bi da bi, kowane da maganar da ke fita daga bakin mai ita, kuma daga dama ake karanta shi zuwa hagu kamar ajami. Wanda aka yi domin 'yan mata shi ake kira shojo, wato budurwa. A mujallu yake fara fitowa kashi-kashi, daga baya a tattara shi a ƙananan littattafai. Mujallar Nakayoshi ta fara fita a 1954, Ribon a 1955, Margaret kuma a 1963.

Da farko maza ne suka fi zana wa 'yan matan labari. Daga shekarun 1960 sai mata suka fara karɓe alƙalamin. Wata mai suna Yoshiko Nishitani tana cikin waɗanda suka fara ɗauko 'yar makaranta kamar kowa, suka ba da labarin soyayyarta. A shekarun 1970 wasu mata irin su Moto Hagio da Riyoko Ikeda suka zo da salon zana abin da ke cikin zuciya: sai ki ga baki a rufe, amma an rubuta tunanin yarinyar a gefe, an zuba furanni a bayanta. Kun ga abin ya yi kama da namu, lokacin da irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka ɗauki biro, littattafan Hausa suka fara faɗin abin da ke damun mace da bakin mace.

To me ya sa makaranta? Babbar sakandare a Japan shekara 3 ce, daga shekara 15 zuwa 18. Ana buɗe ta a watan Afrilu, daidai lokacin da wata bishiya mai suna sakura ke fure. Furen nan mako ɗaya ne zuwa biyu ya kaɗe. Su a wajensu ƙuruciya ke nan: ga kyau, ga saurin wucewa. Wadda ke karatun ta san watan Maris na shekara ta uku yana nan tafe, za a yi bikin sallama kowa ya kama gabansa. Duk maganar da ba a faɗa ba kafin ranar, ta tafi ke nan.

Makarantar kuma cike take da ƙananan al'adu da marubutan ke ɗora labari a kai. A bakin ƙofa kowane ɗalibi yana da akwatin ajiye takalmi, a nan ake sake wasiƙa. Akan yi ƙuri'a a sauya wuraren zama a aji, sai ki ga yarinya tana fatan ƙuri'a ta kai ta kusa da wane. Ran 14 ga Fabrairu 'yan mata ne ke ba samari cakulan, su kuma su rama ran 14 ga Maris. Ranar sallama yarinya kan roƙi yaro maɓalli na biyu na rigar makarantarsa, wai shi ya fi kusa da zuciya.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne kunya. Japanawa mutane ne masu kawaici. A aji, yaro da yarinya da sunan gida suke kiran juna, ba da sunan yanka ba. Ranar da ya kira ta da sunanta na yanka, sai fuska ta yi ja, a cinye shafuka a kan wannan kaɗai. Mu da muka tashi muka ga iyayenmu ba sa kama sunan miji, ba sa kama sunan ɗan fari, ai ba sai an yi mana fassara ba. Mun san nauyin da suna yake da shi a baki.

Bari in ba ku misali da wani labari mai suna Kimi ni Todoke, ma'ana "ya isa gare ka", wanda Karuho Shiina ta zana, ya kai littafi 30 kafin ya ƙare a 2017. Yarinyar sunanta Sawako, mai dogon baƙin gashi, shiru-shiru. 'Yan ajinsu suka laƙaba mata Sadako, sunan wata fatalwa ta fim ɗin ban tsoro na 1998, har ana cewa wanda ya haɗa ido da ita sai masifa ta same shi. Alhali baiwar Allah ita ce mai shara, ita ce mai ba furanni ruwa, kunya ce kawai ta ɗaure mata harshe. Yaro ɗaya mai suna Kazehaya shi ne yake gaishe ta kamar kowa. Za ku zaci nan da nan sai soyayya. Ina! Sai da aka kai kusan littafi na 10 kafin su iya furta wa juna. Abin da ya riga faruwa shi ne ta yi ƙawaye biyu, Ayane da Chizuru, aka haɗa su da tsegumi, ta tsaya gaban mutane muryarta na rawa ta wanke su. A ƙarshe kuma ta zaɓi karatun koyarwa, duk da cewa zai nisanta ta da shi.

Kun ga ashe ba yaron ne kan gaba ba. Abin da ke jan 'yan mata shi ne su ga wata kamarsu, wadda aka yi wa mummunar fahimta, ta koyi buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta, aka kuma saurare ta. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa zama 'yar shekara 15 ba, magana cike da ciki, babu wanda za a faɗa wa? Shi ya sa har matan aure a Japan suke karanta su.

Sai dai, 'yan'uwa, kowane allazi da nasa amanu. Akwai wani labari mai suna Hana Yori Dango, na Yoko Kamio, wanda ya fito daga 1992 zuwa 2004, aka buga fiye da kwafi miliyan 60, aka kuma mayar da shi wasan talabijin a Taiwan a 2001, a Japan a 2005, a Koriya ta Kudu a 2009. Tsukushi 'yar talakawa ce a makarantar 'ya'yan attajirai. Wasu samari huɗu ke juya makarantar, wanda suka liƙa wa jar takarda ya shiga uku. Ta tsaya ta ja da shugabansu, ba ta rusuna ba, wannan abin yabo ne. Amma shi wannan da ya sa aka wulaƙanta ta, shi ne ya zama masoyinta. Nan fa akwai gyara. Yarinyar da ta sha irin wannan da yawa za ta iya ɗauka cewa tsawa da kishi da cin mutunci alamar so ne, kuma haƙurinta zai sauya mai mugun hali. Mu da muke cikin ɗakunanmu mun san hali zanen dutse ne.

Haka kuma al'adarsu ba tamu ba ce. A wasu littattafan akwai keɓewa da runguma, wasu ma na manya ne, ba su dace da yara ba sam. Ko a Japan ɗin ma, yawancin abin mafarki ne: 'yan makarantar gaske jarrabawar shiga jami'a ce a gabansu, kuma a matsakaici mace sai ta kusa shekara 30 take aure.

To mene ne abin yi? Ƙwace waya da zagi ba ya hana karatu, sai dai ya koya ɓoyo. Ki kira ta lokacin da kike tsince shinkafa ko kike mata kitso, ki ce, "Zo ki ba ni labarin nan naki." Ko ba ki yi boko ba, hoto ne, za ki gani da idonki. Ki tambaye ta wa ya burge ta a ciki, don me? Idan ta ce mai kirkin, ki yaba. Idan ta ce mai zafin ran, kada ki yi faɗa, ki ce, "Da ƙanwarki ya yi wa haka fa?" Abin da bai dace ba ki hana, ki kuma faɗi dalili.

Na koma gidan ƙawar tawa bayan mako biyu. Ta ce ta gwada, kuma daga labarin Sawako yarinyar ta gangaro ta faɗa mata cewa akwai wasu a ajinsu da suka sa ta gaba da tsokana tun zangon da ya wuce. Uwar ba ta taɓa sani ba, kuma ɗaki ɗaya suke kwana.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta ba yaro wasiƙa ya kawo mana. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.