Jawabin Taron Wata: Tsawon Rai Gado Ne?

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, iyayena da 'yan'uwana.

Rai na Allah ne, amma neman sani wajibi ne. Yadda iska da laima ke sa ƙarfe tsatsa, haka iskar da muke shaƙa ke barin wani dafi a jiki. Allah Ya ba jiki sinadaran share shi, irin su SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a Amurka a 1969. Ƙarfin sinadaran nan daga iyaye ake gadonsa.

To, gadon ne ke kai mutum shekara ɗari? Binciken tagwaye na ƙasar Denmak a 1996 ya ba gado kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Kuma ba a sayensa a kwalba, jama'a. A wani bincike na Finlan da aka wallafa a 1994, an ba mashaya taba ƙwayar beta-karotin, sai ciwon dajin huhu ya ƙaru. Kafin a kai kuɗi kasuwar Wuse, ga zogale, ga kuka, ga yakuwa.

Wanda ya fi shafarmu shi ne G6PD, mai kare ƙwayoyin jini. Maza da yawa a Nijeriya an haife su da ƙarancinsa. Iyayena mata, don Allah a daina sa kafur cikin kayan jariri, yana iya fasa masa jini. In idonsa ya yi rawaya, shawara ce, a garzaya asibiti, ko na Gwagwalada ko mafi kusa, a nemi gwaji.

Allah Ya ba mu tsawon rai mai albarka. Wassalam.